Faɗin Madubi Biyu

Magini ya tarar da maƙwabcinsa, Baba Direba, riƙe da guduma yana dukan katangar gidansa yana haki. Duka uku ya yi, bulo ko gezau.

"Kawu, ka yi masa magana," in ji Auta, 'yar tsohon da ta dawo gida jinyarsa. "Likita ya ce ko buta kada ya ɗaga."

"Likita bai ce in mutu motata tana kulle ba," in ji tsohon.

Shekara tara ke nan da ya shigo da tsohuwar akori-kura gunduwa-gunduwa ta ƙofar gida: inji a baro, ƙofofi a ka, bodi a yayyanke. Tun da ya ajiye tuƙi ba shi da aiki sai ita. Ya kankare tsatsa, ya sa sabon birki, ya yi mata fenti ruwan ganye, ya ƙara mata manyan madubai biyu masu kama da kunnen zomo. Ranar da injin ya tashi, duk unguwa ta ji. Sai a ranar aka lura motar ta fi ƙofar gidan faɗi nesa ba kusa ba. Magini, wanda shi ya gina katangar da hannunsa, ya yi dariya har da hawaye. Yau kam dariyar ta ƙi zuwa, don ya ga yadda ƙafafun mutumin suka kumbura.

"Ba a fafe gora ranar tafiya, mutumina," ya ce. "Kawo gudumar."

Auta ta ajiye wa mahaifinta kujera a gindin bishiya, yana kallo Magini yana rushe aikinsa bulo bayan bulo. Kafin yamma kafa ta buɗe har titi. Ya ja tef ya auna, ya sake aunawa.

"Jikinta zai wuce. Madubai ne za su maƙale a ginshiƙi. Noti huɗu ne kawai, mu kwance su, a waje mu mayar."

"Ba za a kwance ba."

"Haba dai. Yau ɗin nan fa za ka riƙe sitiyari a kan titi."

"An hana ni gishiri, an hana ni tafiya, an rage ni ta ko'ina," in ji Baba Direba. "Ita ba mai rage ta. Da kunnuwanta za ta fita."

"Ginshiƙin nan da rodi a ciki. Sai gobe na aro injin yanka."

"To gobe. Ina za ni?"

Hali zanen dutse. Magini ya tafi gida yana jin haushi, ƙarƙashin haushin kuma tsoro ne.

Da hantsi ya dawo da injin a kafaɗa, ya samu Auta tsaye a bakin kafar. Bai tambaya ba, fuskarta ta gaya masa. Ta ce da safe babanta ya sa ta fito da shi kujerarsa, ya ce ta goge masa madubin dama, tana gogewa ta juyo ta ga kansa ya sunkuya.

Kwanaki Magini bai iya kallon katangar ba. Noti huɗu ne suka hana mutumin nan titi, abin ya tsaya masa a rai. Da 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ya shigo da sifana a aljihu. Auta tana zaune a mazaunin direba, makulli a hannunta.

"'Yata, bari in kwance madubai ki fitar da ita, in mayar muku da gininku."

"Ba za a kwance ba, Kawu."

Ya dube ta. Muryar ubanta ce sak. Ya mayar da sifana, ya koma ya ɗauko injin yanka.

Sai azahar ginshiƙin ya faɗi. Ta tayar da motar yadda ubanta ya koya mata, Magini ya hau gefenta yana leƙe, yana cewa, "Dama kaɗan. Riƙe haka." Madubai suka wuce, tsakaninsu da bulo bai fi yatsa ba.

Tayoyin baya na taka kwalta ta taka birki. Magini ya kai ido kan madubin dama, wanda aka goge tas. A cikinsa ga bishiyar, ga kujerar a gindinta, tana fuskantar titi.