An Kawo Inna Hutu

Shekara talatin Halimatou ta yi tana dakan yaji a gidanta na Tahoua. Citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, duk da tafin hannu take auna su. Mace ba ta haihuwa a unguwarsu a rasa yajin jegon Halimatou a ɗakinta, masu tsire ma wurinta suke aikowa. Tun da mijinta ya rasu, ƙofar gidan ba ta rufuwa da rana. Wata ta zo saye, wata ta zo aron rariya, wata kuwa ta zo ne kawai ta zauna ta amayar da abin da ke cin ta. Halimatou tana daka tana saurare, in an gama ta faɗi wanda ke da laifi.

Ɗanta ɗaya ne a raye, Abdulhakim, ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta kamawa. Babban ma'aikaci ne a Niamey. Shekarar da tari ya kwantar da ita sati biyu, likita ya ce ƙurar barkono ce, sai ga Abdulhakim da mota.

"Inna, ya isa haka," in ji shi. "Na gama gini, na ware miki ɗaki. Ki zo ki huta."

"To gidan nan fa?"

"Zan san yadda zan yi da shi."

"Duk yadda ka gani," ta ce tana kallon gefe. Haka take amsa masa tun da ya zama mutum.

Ranar tafiya ya kawo wasu takardu ta dangwala yatsa, ba ta tambayi na mene ne ba. Turminta da taɓarya ta kai wa maƙwabciyarta Hafsat ajiya. Matan unguwa suka rako ta har bakin mota suna cewa Allah ya ba su ɗa irin nata.

Gidan Abdulhakim yana can kan hanyar Tondibia, inda ake sababbin gine-gine, katanga doguwa da ƙofar ƙarfe. Ɗakinta akwai kilima mai busa sanyi, akwai talabijin, akwai katifa mai taushin da ke sa mata ciwon baya. Da safe shi ya tafi biro wurin aikinsa, matarsa Latifa ta tafi makarantar da take koyarwa, ta ɗauki 'yarsu Anisa. Sai a rufe ƙofa, gidan ya yi tsit har la'asar. Halimatou ta leƙa maƙwabta sau biyu. Mutanen kirki ne, sun ba ta kujera da ruwa, amma Zabarmanci suke ji, ita kuwa daga gaisuwa ba ta da sauran kalma. Ta zauna tana murmushi har muƙamuƙinta ya gaji, ta dawo.

Wata rana ta samo wani ɗan turmi a bayan kicin ta fara daka wa gidan yaji. Abdulhakim ya dawo da wuri ya tarar da ita tana atishawa.

"Ba don wannan na kawo ki ba, Inna. In wani ya shigo ya gan ki, me zai ce da ni?"

Washegari turmin ya ɓace.

A wata na biyu abinci ya fara fita ranta. Barci ya zama guntu-guntu. Sai ta zauna a kan sallaya bayan ta idar, ta ga hawaye na zuba, ba ta san abin da ya kawo su ba. Ƙirjinta yakan yi nauyi kamar an ɗora mata buhun gero. In wayarta ta yi ƙara ta ga daga Tahoua ne, sai ta kife ta, don ta san abin da za a ce: kin ji daɗi, kin huta, kin manta da mu. Anisa ta shigo da surutunta rabi Hausa rabi Faransanci, Halimatou ta daka mata tsawar da ta sa yarinyar ta daina shiga ɗakin.

Abin ya fito fili ranar sunan ɗan wani abokin aikin Abdulhakim. An zaunar da ita a kujerar gaba, kowa ya zo ya durƙusa ya gaida uwar babban mutum ya wuce. Aka kawo nama da yaji a ƙulle cikin leda. Ta ɗanɗana, ta ji gishiri da jan barkono ne kawai, ko citta babu. Ta juya za ta faɗa wa wani, ta ga babu wanda za ta faɗa wa. Kuka ya ƙwace mata a gaban mutane, da sauti, irin na mutuwa. Latifa ta lulluɓe ta da gyale ta fita da ita.

Daga nan aka shiga yawon magani. An auna tansiyo don duba hawan jini, an auna suga, an ɗibi jini, an ɗauki hoton ƙirji. Komai lafiya. An karɓo rubutu wurin malam ta sha kwana bakwai. Abdulhakim ya fara magana da ita da muryar wanda ake zalunta.

"Me kika rasa a gidan nan? Ki faɗa mini abu ɗaya."

Ba ta da abin faɗa, don ita ma ta yi wa kanta wannan tambayar. Ta yanke cewa butulci ne ya kama ta da tsufa, ta ƙara yawan istigfari.

Likitan da ya duba sakamakon jinin ne ya tura su wurin Dokta Haoua, mai kula da ciwon damuwa, a wani kilinik kusa da Gaweye. Latifa ce ta kai ta. Da Halimatou ta gane irin likitar da aka kawo ta gani, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mahaukaciya kuka mayar da ni?"

"A'a wallahi, Inna. Ku shiga dai ku ji, in bai yi muku ba mu koma."

Dokta Haoua 'yar Zinder ce, ba ta kai Abdulhakim shekaru ba. Ba ta ɗauko abin awo ba. Ta ce Latifa ta jira a waje, sannan ta tambayi Halimatou yadda ranarta take tafiya a Tahoua, daga asuba zuwa magariba. Halimatou ta fara a taƙaice, sai ta zarce. Ta yi kusan rabin awa tana magana.

"To a nan fa? Daga asuba zuwa magariba?"

"Ina zaune."

"Yaushe rashin cin abincin ya fara?"

"Wata guda da zuwana, ko da 'yan kwanaki."

"Kin taɓa jin gara ki mutu? Ko ki yi wa kanki wani abu?"

"Ni musulma ce, ba zan taɓa kaina ba. Amma in na ji an yi rasuwa, ba na jin tausayin mamacin kamar da."

Likitar ta rubuta wani abu, ta ajiye alƙalami.

"Inna, abin da ke damunku sananne ne, muna ganinsa kullum. Idan rayuwar mutum ta juya gaba ɗaya, wani lokaci zuciya takan kasa bin sabon zaman. Yakan faru ga wanda aka sallama daga aiki, ko wadda aurenta ya mutu, ko wanda ya yi ƙaura. Har canjin da kowa ke yi wa mutum barka yana kawo shi. Yawanci cikin wata ukun farko yake bayyana, kamar yadda naku ya yi. Ba hauka ba ne, ba kuma rashin godiya ba ne."

"To ki ba ni ƙwayar."

"Ba ƙwaya ce babban maganinsa ba. In barcin ya ƙi gyaruwa zan ba ku wani abu na 'yan kwanaki. Maganin shi ne ku riƙa zuwa muna magana duk sati, mu kuma nemo abin da aka cire daga ranarku mu ga wanda zai iya dawowa. Kuma ina son ganin ɗanku."

Sai a zuwa na uku Abdulhakim ya samu lokaci. Ya zauna da makullin mota a hannu, ya saurari bayanin likita fuska a ɗaure.

"Dokta, ban gane ba. Na ɗauke ta daga wahala, shi ne ciwon?"

"Ba a ce kun yi mugunta ba. Amma abin da kuke kira wahala, a cikinsa take da mutanenta da aikinta. Inna, ko akwai abin da kuke so ku faɗa masa?"

Sati biyu suna shirya wannan maganar da likitar, duk da haka da ƙyar ta fito.

"Ina so in koma gida. Ko wata uku ne a shekara."

Abdulhakim ya juya makullin a hannunsa. Ya dubi likitar, ya dubi bango.

"Inna, ai gidan na sayar. Da shi na ƙarasa ginin nan, har ɗakinki. Na ce miki zan san yadda zan yi da shi, kika ce duk yadda na gani. Kin sa hannu a takarda."

Ana jin ƙarar motoci masu hawa gadar kogi.

"Haka na ce," in ji Halimatou. Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun yana yaro. "Amma kai ka yi karatu. Ka san ba tambayata ka yi ba."

Sati biyun da suka biyo baya sun fi na farko muni. Ta daina fitowa falo. Ranar zuwa kilinik ta ce ba za ta ba, Dokta Haoua ta kira ta a waya suka yi maganar a haka. Likitar ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta ce ɓacin ran yana da dalili, ta bar ta ta faɗe shi har ta gaji. Sannan ta ba ta aiki ƙanana: ta ci wani abu sau uku ko da loma biyar ne, ta fita ƙofar gida bayan la'asar, ta amsa waya ɗaya daga Tahoua ta faɗi gaskiyar yadda take. Ta amsa ta Hafsat. Da ta ce mata ba ta jin daɗin Niamey, Hafsat ta yi dariya ta ɗauka wasa ne, sai da ta ji muryarta ta canza sannan ta saurara.

Latifa ce ta yi abin da ya rage, ba ta nemi izinin mijinta ba. Ran Asabar ta ce Inna ta raka ta cefane kasuwar Petit Marché. A layin masu kayan yaji Halimatou ta tsaya gaban wata mata mai jiki, ta ɗebi garin yajinta ta shinshina.

"Kimbar ta yi yawa. Za ta yi ɗaci in ya kwana biyu."

Matar ta ɗago a fusace, sai ta ji harshen. "Ke mutuniyar Adar ce?"

"Tahoua."

"Ni Illela. Zauna ki gwada mini naki in gani."

Sunanta Aïchatou. Latifa ta gama cefane ta dawo ta tarar da su biyun a kan benci ɗaya suna gardama a kan masoro.

Daga ranar Halimatou ta fara zuwa kasuwa sau uku a sati, a taksi. Ba ta daka, saboda ƙirjinta. Tana aunawa tana haɗawa, a kai inji. Abdulhakim ya yi fushi, ya ce za a gan ta. Latifa ta ce masa likita ce ta rubuta, ko da yake likitar cewa kawai ta yi hakan ya yi kyau. Ya bar maganar, amma bai taɓa bi ta layin ba.

A hankali abinci ya koma bakinta. Barci ya daidaita ba tare da ƙwaya ba. Ta koyi ƙirga da ciniki da Zabarmanci. Ta kira Anisa ta tsefe mata kai ta yi mata kitso. Bayan wata biyar Dokta Haoua ta ce ba sai ta riƙa zuwa ba, sai in ta ji nauyin ya dawo. Abdulhakim ya riƙa gaya wa abokansa cewa Inna ta warke sarai, ai shi ya sa ya dage ta zo Niamey inda akwai ƙwararrun likitoci. Tana ji daga ɗakinta. Da safe in ya durƙusa gaishe ta tana amsawa, tana sa masa albarka, maganar ba ta wuce nan.

Bayan babbar salla 'yar Hafsat ta haihu, Halimatou ta shiga motar Tahoua da niyyar yin sati. Ta sauka a gidan Hafsat, aka shimfiɗa mata tabarmar baƙi, aka hana ta taɓa komai. Yajin jegon ma an riga an daka. Da yamma ta fita ta tsaya a gaban inda gidanta yake. An rushe zauren, an yi shaguna uku, ɗaya na gyaran waya, biyu a rufe. Wani mutum da ke zaune a gaban shagon ya tambaye ta ko wani take nema. Ta ce a'a.

Kwana biyu ta yi ta juyo. Abdulhakim ya zo tasha ɗaukarta, ya karɓi jakarta ya buɗe mata ƙofar mota.

"Kin dawo da wuri, Inna. Yaya mutanen gida?"

"Suna gaishe ka," ta ce, ta shiga ta zauna.