Irin Albasar Dije

"Goge shi, na ce!" Baffa Gidaɗo ya nuna wayar Khairiyya da carbinsa. "Uwata ce. Sunanta tsirara a intanet, mi ya yi zafi?"

Khairiyya dai ba wani abu ta yi ba. Tarihin kakarta Dije ta rubuta a kundin bayanan nan na intanet da ɗalibai ke cikawa, ta fara da cewa Dije mai zaɓen irin albasa ce a Aliero. A can ƙa'idarsu ke nan: a fara da aikin mutum, ba da cewa mace ce ko matar wane ba.

"Baffa, wa ya yi shekara arba'in yana ware kawunan albasa a bayan rumbu?"

"Tun daga Kimba har Giwa Tazo, ɗan Malami ake kiran irin nan."

Haka ne kuwa, da sunan mijinta ake kiransa. Amma duk unguwar an san marigayi Malami, Allah ya jiƙansa, bai iya bambance kan iri da na miya ba. Shi dai a cika masa buhu, ya gyara hula ya tafi kasuwar Jega ana yi masa kirari.

"To mu tambaye ta," in ji Khairiyya.

Dije na kwance a ɗaki tun damina, ta koma kamar tsumma. Khairiyya ta durƙusa ta karanta mata layin farko a hankali. Tsohuwa ta saurara. Bakinta ya motsa, har yarinyar ta ɗauka murmushi ne.

"Ke ɗiyar nan, wa ya aike ki?" Dije ta ja mayafi ta rufe fuska. "Cire sunana, ki sa iyalin mai gidan nan."

"Kaka, ke kika yi aikin."

"Ni na yi. Sa iyalinsa."

Ko sunan nasa ba ta iya faɗa ba, shekara tara yana ƙasa.

Baffa Gidaɗo ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, irin na wanda alƙali ya ba gaskiya. Da hannunta Khairiyya ta goge shafin, domin in an rubuta yadda su Baffa suke so, masu kundin ma ba za su bar shi ba. Ta miƙe, ta raɓa baffan nata ba ta dube shi ba, ta buga ƙofar langalangar har kajin tsakar gida suka watse.