Takardar Ƙaho na Biyu

Ba a cika maganar Mahmuda mai gyaran agogo a Kaura ba. Masu awo a kasuwar hatsi sun ce ba a jin bakinsa sai in an yi masa sallama. Matan unguwa sun ce matarsa Rekiya ta yi dace, shekara talatin bai ɗaga mata murya ba. Dattawa kaɗan ne suka san cewa a zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa kullum, shi ne shugaban makaɗan kulob ɗin ma'aikata, mutum goma sha huɗu, masu ƙaho da saksofon da ganguna, suna busa mambo da ca-ca-ca irin na faifan Kiyuba. Wani akawu mutumin Gana ne ya koya masa rubuta kiɗa a kan layuka biyar-biyar. Su kuma dattawan ba sa tayar da zancen, balle a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, kowa yana lura da abin da za a ce a kansa.

Da damina ta yi nisa, ɗakin Mahmuda ya yi yoyo, ruwa ya shiga gafakar da yake ajiye takardunsa. Yana kasuwa Rekiya ta shanya su a bayan gida, ta danne da duwatsu. Iska ta ɗauke guda biyu ta kai bakin hanya, inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinjan Zurmi. Wanda ya tsinta shi ne Sirajo ɗan marigayi Gwadabe.

A saman ɗaya daga cikinsu akwai bisimilla. Ƙarƙashinta, da ajami, an rubuta Gwadabe. Sauran duk layuka ne da baƙaƙen ɗigo masu wutsiya. Gwadabe kuwa shekara biyu ke nan da rasuwarsa a Zurmi, bayan kumburin ƙafa da aka rasa kansa.

Bayan la'asar aka taru a zauren Liman, inda kwamitin unguwa ke zama kafin magana ta kai ga alƙali. An kwaso gafakar gaba ɗaya. Sirajo ya zo da kasko, garwashi na ci, ya ajiye a bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo sai ya tsallake hayaƙin.

"Malam Mahmuda," in ji Liman, "an ce hatimi na. In hakanan na, za mu ƙone su kahin magariba, gobe a kai ka gaba. Mi kac ce?"

"Allah shi gafarta Malam, kiɗi na."

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta.

"Kiɗi a takarda?" in ji Sirajo. "To buga mu ji, tsoho. Ka sa ta a kunne ko ta yi magana."

"Sirajo," in ji Liman. Sirajo ya ja da baya, amma bai zauna ba.

Mahmuda ya yi bayani a hankali, idonsa a tabarma. Ya ce in mutum goma sha huɗu za su busa abu ɗaya, kowa na da nasa rabo. Masu saksofon su yi tambaya, masu ƙaho su amsa, ganguna na riƙe da ƙasa. Shi ke zama ya raba, ya rubuta wa kowa tasa takarda gwargwadon numfashinsa. Shi ya sa yake sa suna, ba ya rubuta saksofon na ɗaya, sai ya rubuta Gwadabe, don ya san inda Gwadabe ke iya kaiwa da inda yake gajiya. Bisimilla kuwa, bai taɓa fara rubutu ba tare da ita ba.

"Babana alhaji na," in ji Sirajo. "Bai taɓa busa komi ba. Ka kashe shi, yanzu kuma za ka mai da shi ɗan kulob?"

"Kahin a haife ka na, ɗana."

"Ni ba ɗanka ba na."

Liman ya jawo gafakar yana buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya, yana karanta sunaye. Bello, ya rasu. Junaidu, ya koma Galadi, ba a san ko yana nan ba. Ya kai wata ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi na damansa.

"Alhaji Maccido, ga sunanka."

Alhaji Maccido babban ɗan kasuwar hatsi ne, motocinsa na zuwa Shinkafi duk Alhamis, shi ya rufa wa masallacin unguwa kwano, kuma shi ne na biyu a kwamitin. Ya karɓi takardar da yatsu biyu. Ya dube ta ya daɗe, fiye da yadda mutum ke duban abin da bai gane ba.

"Subhanallahi," ya ce, ya ajiye.

"Kun gani ko," in ji Sirajo. "Har Alhaji bai tsira ba."

Mahmuda bai dubi wajen Maccido ba ko sau ɗaya. Ya ɗora tafinsa a tabarma ya ce bari ya nuna yadda ake karantawa. Ya buga uku, ya dakata, ya buga biyu. Ya sake. Ya ce a kan wannan duk sauran ke tsaye.

"Bokaye ma na buga ƙasa," in ji wani.

Liman ya shafa gemu. "Ni ban san wanga ilimi ba. Amma in rubutu na, wani na iya karanta shi kamar yadda kak karanta. A cikin garin ga akwai wanda zai shaide ka?"

Ba wanda ya tashi. Rekiya na tsaye daga waje, a lulluɓe, ta ce da mijinta, "Malam, ka faɗa mana." Mahmuda ya ce, "Wanda yas sani ya sani. Ba ni kiran sunan kowa."

Liman ya jira. Inuwar katanga ta kai bakin ƙofa. Daga nan ya ce da Sirajo ya fara da ta mahaifinsa, tun da shi ya kawo ƙara. Sirajo ya ɗauke ta ya ɗora a garwashi. Takardar na da danshi, sai da ta yi hayaƙi, ta nannaɗe, sannan ta kama. Mahmuda ya yunƙura kamar zai tashi, ya koma ya zauna. 

Sirajo ya miƙa hannu ga ta biyu, wadda ke gaban Alhaji. Maccido ya ɗora tafinsa a kai.

"Bar ta."

"Alhaji, taka ta fi kamata a ƙone."

"Na ce bar ta." Ya ɗaga takardar kusa da fuskarsa, ya sa yatsa a layi na uku. "Nan ina shiru har ƙirga takwas, ina jiran Gwadabe shi gama. Sannan in shigo." Ya haɗa leɓe ya fitar da sautin a hankali, muryar tsoho mai karkarwa, yana bin ɗigon da yatsa har ƙarshen layi. "Ƙaho na biyu. Shekara tara ina busa shi. Babanka, Sirajo, duk cikinmu ba wanda ya kai shi. Ni da shi munka tai hajji, munka yi alkawali ba mu sake zancen."

Sirajo ya juya ya dubi kaskon. Ba abin da ya rage sai toka mai siffar takarda.

Liman ya mai da sauran cikin gafaka ya ɗaure da kansa. Ya ce abin da aka kawo gabansu sihiri ne, kuma babu shi. In kiɗa ne kuwa, takarda ba ta ƙara, mai ita ya kai ta gida.

Mahmuda ya karɓa ya rungume. "Ta Gwadabe ita ɗai ta," ya ce, ba da kowa yake ba. "Ba ni da wata. Ya kan canza wurare, ni ko in gyara da fensir. Ba ni iya tuno su duka."

Mutane suka fara neman takalmansu don alwala. Maccido ya tashi, ya zagayo ta gaban Liman, ya durƙusa a gaban mai gyaran agogo, babbar rigarsa na jan ƙasa. Bai rage murya ba, har na waje sun ji.

"Mahmuda, tun da anka miƙo man ita na gane ta. Na yi shiru don kar a san ni, har ta Gwadabe ta ƙone. Ka yafe man."