Ƙafata a Makarantar Ƙwayoyin Cuta

Daren jiya mafarki na yi, ni da ba na yawan mafarki. Na kwanta ne da ƙafar dama a naɗe. Ƙusa ce ta soke ni a gona, wurin ya yi ruwa, likita ya rubuta mini kafso na kwana bakwai. Na sha na kwana huɗu, kumburin ya saɓe.

Sai ga ni a wani gari inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa ya nufi gajimare. Mutane na tafiya a cikin lema a kife. Ni kuwa da ƙafa ɗaya nake tafiya, kuma ban faɗi ba.

A ofishin garin na tarar da wani bunsuru mai tabarau yana cinye takardun da ya gama sa wa hannu. Na shaida masa ƙafata nake nema. Ya ce ta riga ni zuwa tun da hantsi, tana makaranta.

Makarantar ta ƙwayoyin cuta ce. Kowace ƙwaya ta kai girman ƙwarya, da rigar makaranta a jikinta. Darasi ɗaya ake koya musu: cin kafso kaɗan-kaɗan har jiki ya saba. 'Yan aji ɗaya suna lasa su suma, a yayyafa musu ruwa su tashi. 'Yan aji shida kuwa taunawa suke kamar gyaɗa, suna neman ƙari.

Shugabarsu, wata tsohuwar ƙwayar taifot mai dogara sanda, ta zaga da ni ta nuna mini hotunan malamansu a bango. Duk mutane ne. Ga mai tallan magani a faranti da ke sayar da kafso biyu-biyu. Ga matar da ke farke shi ta zuba a koko don mura. Ga mai kaji da ke barbaɗa shi a ruwan sha. A ƙarshen layi akwai gurbin da ba hoto, ta ce nawa ne.

Ƙafata na zaune a kan benci sanye da takalmina, ko gaishe ni ba ta yi ba. Shugabar ta ce akwai ɗalibansu a ciki, waɗanda suka jure kwana huɗu ba su mutu ba. Idan na tsaya da shan maganin a nan, ƙafar ta zama ɗakin kwanansu har abada, ni kuma a liƙa hotona.

Sai ga Ilu mahauci ya fito daga cikin allo yana tari. Maƙwabcina ne shekara ashirin, da shi aka ɗauki gawar mahaifina. A unguwarmu ba a hana maƙwabci gishiri, ba a hana shi ragowar magani. Ya miƙo hannu.

"Malam Barau, ai ka warke. Sauran na kwana ukun nan, a taimaka wa ɗan'uwa."

Ɗaliban suka zuba mini ido. Kunya ta kama ni har na sa hannu a aljihu. Sai na ga ƙafata ta fara kwance igiyar takalmi.

"Ilu, ba zan ba ka ba," na ce. "Nawa ne, kuma da saura. Naka yana asibiti, ka shirya in raka ka."

Na haɗiye na ranar a gabansu, ba ko ruwa. 'Yan aji shida suka fashe da kuka, shugabar ta ce ba ta taɓa ganin marowaci irina ba. Na ce na gode. Ƙafata ta sauko daga benci, ta yi tsalle uku ta koma mazauninta, na taka ta da ƙarfi na fita ƙirji a gaba, bunsurun ya miƙe tsaye ya sara mini.

Abin da ya tashe ni, tari ne a zaure, sannan sallama. Muryar Ilu ce. Na sa takalma biyu na fita in gaya masa ido da ido.