Shanu Talatin da Biyu

Muhammadu Lawal bai taɓa shiga jirgin sama ba, bai kuma taɓa sha'awa ba. Makiyayi ne a wata ruga kusa da Gwiwa, yana ɗan taɓa noman gero. Garkensa shanu arba'in da shida ne, kuma duk kasuwar da ya shiga sai dillalai sun miƙe sun gaishe shi.

Autansa Ashiru ya gama karatu a Kazaure, ya yi shekara biyu yana koyarwa a Roni. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya zo gida, ya durƙusa, ya ce makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta ɗauke shi.

"Nawa?" in ji tsohon.

"Kuɗin makaranta miliyan ashirin ne, Baba. Amma ba shi ke nan ba."

"Na san ba shi ke nan ba. Faɗi sauran."

Ashiru ya faɗa. Akwai gwajin likita, na ido da kunne da zuciya. Akwai ɗaki da abinci na shekara biyu, da kuɗin jarrabawa da na lasisi. Babban abin kuwa shi ne tashi. Da awa ake biya, kuma in malami ya ce hannunka bai faɗa ba, sai ka sake, ka sake biya. In man jirgi ya yi tsada, awar ma ta ƙara kuɗi. Ya ce ya tambayi waɗanda suka gama, ya ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kan komai saboda irin wannan.

"In kuɗin suka ƙare a tsakiya fa?"

"Sai in dawo gida. Ba a ɗaukar wanda bai gama ba."

"To, a shanu nawa ke nan?"

"Talatin da biyu, Baba, in an haɗa manya da ƙanana a farashin bana. Sha huɗu za su rage maka."

Tsohon ya dube shi. Yaron bai yi wasa da lissafin ba, ya yarda da wannan. Wuri ɗaya ya kuskure, kuma ba laifinsa ba ne. Tun yana ƙarami yake makarantar kwana, bai taɓa bin garke ba.

"Gobe da safe ka same ni wurin tatsa," ya ce.

Da safe suka tsaya a bakin garke. Muhammadu Lawal ya ɗaga sanda ya nuna wata farar saniya mai karyayyen ƙaho.

"Wannan ta uwarka ce. Kakarta ce sadakin da na biya. Ita da zuri'arta tara." Ya nuna wasu. "Waɗancan bakwai na gwaggonka Saude ne, gadonta. Biyar na yayarka Halimatu, daga karsanar da na ba ta ranar suna. Biyun can amanar Babagana ce, na Kanya Babba. Kai ma kana da huɗu."

Ashiru ya haɗa lissafin a zuci.

"Naka sha tara ke nan, Baba?"

"Sha tara."

"Ban sani ba."

"Ba wanda ya sani a waje. Ni nake kiwo, sai ake cewa nawa ne. Ko maraƙi ɗaya ba ya fita daga nan sai mai shi ya ce a fitar."

Ashiru ya sunkuyar da kai ya ce to a bar maganar, zai ci gaba da koyarwa. Tsohon ya kwance maruƙa ya kora garke.

Yini guda yana bayansu yana tunani. Nasa da na yaron ashirin da uku ne, saura tara. Amana ba a taɓa ta. Halimatu tana ɗakin miji da 'ya'ya huɗu, ba zai je ya karɓi abin da ya ba ta da hannunsa ba. Saura mata biyu. Shekararsa saba'in bai taɓa roƙon kowa komai ba, ko a shekarar da fari ya kashe masa rabin garke.

Matarsa Hajja ba ta bari ya yi magana ba. Da ta kawo masa fura ta ce, "Malam, na ji ku. A ɗauki huɗu a nawa. Sauran na nono ne, gidan nan ba zai zauna babu nono ba."

Ya ce, "To."

Saude daban ce. Ita ce yayarsa, mijinta ya rasu, tana zaune a Babura wurin ɗanta. Ya hau mota ya je. Ya same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ya gaishe ta, ya yi maganar damina, ya yi maganar tsadar gero, ya ce sefa ta hau. Tana jinsa, ba ta ɗago ba.

"Lawal, tun da na dawo garin nan sau biyu ka zo, duka gaisuwar mutuwa. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Adda."

"To ashe zuwa ka yi ka gaya mini kuɗin gero. Na gode. Ni ma ina cin tuwo."

Ya gyara zama. Ya ba ta labarin Ashiru da makarantar da kuɗin. Ya ce an sami ashirin da bakwai.

"Madalla," ta ce. "Allah ya kawo sauran."

Ya san ta gane. Ita ma ta san ya sani. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

"Adda."

"Na'am."

"Ki ba ni biyar daga cikin naki."

Sai a lokacin ta ajiye faifan. "Ka ga bakinka bai tsage ba. Tun kana yaro haka kake, sai ka kwana da yunwa ba ka ce a ƙara maka ba." Ta kakkaɓe zanenta. "Shi tuƙin jirgin, in ya gama, aiki na jiransa?"

"Ya ce ba tabbas. Wasu sukan yi shekara suna nema."

"Ya faɗi gaskiya ke nan. Kai kuma naka nawa za su rage?"

"Babu."

"Babu? Kai da dillalai suke miƙe maka?"

"Za su daina."

Ta daɗe tana kallonsa. "Ɗauki biyar. Ka bar mini jar da 'yarta. Kuma ba kai na ba, ɗana Ashiru na ba. Ka ce ya zo da ƙafarsa ya gaishe ni, ba ta waya ba."

Da ya koma ruga ya kira Ashiru. Ya ce an sami talatin da biyun, amma ba za a sayar da su rana ɗaya ba. Kashin farko zai fita bayan kaka, lokacin da suka yi ƙiba. Na biyu gab da babbar salla. Na uku sai makaranta ta nema. Shanun da ke da ciki su ne na ƙarshe, ko za a sami maruƙa kafin nan.

"Baba, ba za ka rage ko ɗaya ba? Zan iya rage abinci, in nemi ɗaki mai araha."

"Ba za ka rage komai ba. Mai yunwa ba ya koyon abu. Ka ce talatin da biyu, na ba ka talatin da biyu. Na talatin da uku babu shi, ka sani tun yanzu."

"Na ji, Baba."

Bayan kaka ya kora goma zuwa kasuwar Babura, duka nasa, har da babban bijimin. Dillalinsa Sama'ilu ya taso da sauri, ya zagaya su, ya dafa tozon bijimin.

"Malam, har da wannan? In ka sayar da shi, wa zai hau maka shanun?"

"Zan yi aron na maƙwabta."

"Kai? Aro?"

"Ni. Nemo mai saye."

Sama'ilu ya tafi. Tsohon ya tsaya riƙe da igiyar bijimin, yana jiran tayin farko.