Lambar Fagbenro a Kan Ɗanyen Siminti

"Har yanzu ba ka samo mai raba ta ba?" in ji Fagbenro daga kan gado, da ƙyar muryar ke fita.

Ojelabi ya gyara zama. Mutum yana bakin kabari, amma bakin nan nasa bai mutu ba!

"Saura kaɗan."

"Shekara ashirin da shida ke nan kana saura kaɗan, Oga."

Tare suka koyar da lissafi a Ogbomosho, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Sai dai Fagbenro ne ya tono wata lamba mai gurbi goma sha tara, da fensir kawai, wadda babu abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Wata mujallar malamai ta buga sunansa, shi ke nan unguwa ta ɗauka: Baba Lamba. Har mai amala ƙara masa nama take yi. Shi kuwa Ojelabi, da ya fi shi maki tun suna kwaleji, ya ƙare a "maƙwabcin Baba Lamba". Hassada yake yi, kuma ya sani. Littafi arba'in ya cika da rabe-rabe, yana neman lamba ɗaya tak da za ta shige ta ba saura, ya kai masa ita har gado.

Ranar Laraba da hantsi ya ji ihun Iya Ronke, matar Fagbenro, ta bayan katanga. Abin kunya, haushi ne ya riga baƙin ciki zuwa. Mutumin ya tafi da nasararsa!

A ƙofar gida aka binne shi, yadda ake yi wa dattijo a garin. Washegari magini ya shafe kabarin da siminti, yana kwafar lambar da ƙusa daga wata tsohuwar takarda. Ojelabi ya leƙa. Bakwai ɗin ƙarshe ta zama biyu.

Biyu! Ko ɗan firamare zai raba ta gida biyu. Kuma duk cikin masu makokin nan babu wanda zai taɓa ganewa. In ya yi shiru kawai, sai siminti ya bushe, Baba Lamba ya kwanta ƙarƙashin kuskure har abada. Daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa.

"Baba, ya yi kyau ko?" in ji magini.

"Matsa can, kai! Wannan ba ita ba ce."

Ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara, ya shafe biyun da babban yatsa, ya zana bakwai.

Iya Ronke ta daina sharar hawaye. "Baba Tunji," ta ce wa Ojelabi, "ba ka ko duba takardar ba."

"Na fi mijinki sanin lambar," ya ce, a fusace.

Ya koma gida ya zauna a baranda. Littafi na arba'in da ɗaya na buɗe a kan tebur, fensir a tsakiya. Simintin ya bushe a yatsansa, bai wanke ba.