Rusunawar Kuwabara

A shekarar nan duk Osaka babu mai farin jinin Ɗan Ba-ruwana, alhali ko rai ba shi da shi. Zane ne kawai a mujallar manga, wato ta labarai cikin zane, mai fitowa mako-mako. Mai zanen bai ma ba shi suna ba, jama'a ce ta laƙaba masa. Wani ƙato ne mai takalmin katako wanda bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Ya ajiye aiki ana tsakiyar taro, ya ƙi zuwa bikin ƙanwarsa don ranar kamun kifi yake sha'awa. Malamai suka yi ta kururuwa a jarida wai zai lalata tarbiyya. Tarbiyyar wa? Masu karanta shi a jirgin ƙasa na safe duk 'yan baƙar kwat ne, kuma ban ji wanda ya taɓa makara wurin aiki saboda shi ba.

Mamoru Kuwabara yana cikinsu. Ma'aikaci ne a wani kamfanin buga kwalaye, mutum mai sanyin hali, irin wanda za a taka shi kuma shi ya nemi gafara. Da hantsi yayarsa Fumie ta bugo daga asibitin garinsu a Tottori.

"Mamoru, likita ya ce a kira 'yan uwa. Baba ne. Ka taho yanzu."

"To, Yaya."

Ya ajiye wayar ya zauna yana jiran ya ji wani abu a ransa, bai ji ba. Ya dai san idan ya kama jirgin rana zai isa kafin la'asar.

Sai dai ranar ce ta zuwa ba da haƙuri. An buga wa tsoho Tsuruta mai gidan alewa kwalaye da launin da ba shi ya ce ba, kuma hatimin Kuwabara ne a kan aikin. Mai hatimi shi ke zuwa da ƙafarsa. Ba da haƙuri ta waya cin mutunci ne na biyu.

Ya je ya tsaya gaban teburin Shiomi, shugaban sashensu.

"Kuwabara-kun, ka sayo tsarabar da za mu kai?"

"Na sayo, Shugaba."

"To me ya tsaida kai kamar an dasa ka?"

"Mahaifina ne. Ba ya ɗan jin daɗi."

Haka aka koya masa tun yana ƙarami, mutum ba ya ɗora wa na gaba da shi nauyin damuwarsa, sai ya rage mata girma. Shiomi kuwa ba mugu ba ne. Abin da aka gaya masa shi ya ji.

"Ayya, sannu. Da mun gama sai ka wuce kawai. Ai ba daɗewa za mu yi ba."

"Na gode ƙwarai, Shugaba."

A gidan alewa aka shigar da su ɗakin baƙi aka bar su. Jiran ma yana cikin horon, kowa ya sani. Aka kawo shayi, babu wanda ya taɓa, ya huce a gabansu. Akwai agogo a bango, Kuwabara yana kallo lokacin jirgin rana ya zo ya wuce. Ƙofa a buɗe take, babu mai tsaronta. Shi dai ya ci gaba da zama.

Da Tsuruta ya shigo suka miƙe suka rusuna har ƙugu, Shiomi yana jero kalmomin tuba. Mai laifi ba ya ɗagowa sai an ce ya ɗago, tsohon kuma bai yi gaggawa ba. A nan wayar ta fara motsi a aljihun ƙirjin Kuwabara. Ta yi ta tsaya, ta sake. Shi dai yana kallon takalmansa, har ya lura na hagu yana buƙatar shafe.

"To, ya isa. Ku ɗago," in ji Tsuruta. Sai idonsa ya faɗa kan jakar Shiomi, inda ɗan mutum-mutumin roba na Ɗan Ba-ruwana yake lilo. "A'a! Kai ma ɗan gidan ne? Ka ga na wannan makon?"

"Na gani, ranka ya daɗe! Da ya bar surukinsa da baki buɗe a bakin titi?"

"Ɗan banza ke nan!" Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ni fa da kake gani ban taɓa son alewa ba. Gadon uba ne, aka ce riƙe, na riƙe. Jikata ta ce, Kaka, kai da ko miyar da ba ka so ba ka iya mayarwa, me kake yi da Ɗan Ba-ruwana?"

"Ai shi ya sa, ranka ya daɗe. Shi ya ƙi a madadinmu, mu kuma mu tafi aiki," in ji Shiomi.

"Ko ba haka ba, Kuwabara-san?" in ji tsohon.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya daidai inda ake dariya. Fito da waya gaban wanda ka zo ba haƙuri ba ya cikin abin da ake yi, don haka ta yi kiranta ta gaji. Aka sake kawo shayi mai zafi, alamar an yafe, suka sha har ƙasa.

Sai da suka fita, suka rusuna a bakin ƙofa, suka sha kwana, sannan Shiomi ya dafa shi. "Maza jeka. Ka gaida Baba."

Kuwabara ya tsaya gefen titi ya kira yayarsa.

"Ya tafi, Mamoru." Muryarta a bushe take. "Ba sai ka yi gudu ba."

"To."

"Kana cikin jirgi?"

Ya dubi titi. Wata mota ta wuce tana tallan kifi.

"Baba ya ce wani abu?" ya tambaye ta.

"Ya ce kada a kira ka, kana wurin aiki, kada a ja maka abin magana. Har faɗa ya yi mini. Ni ce na ƙi ji."

"Na gode, Yaya. Na ba ki wahala."

Ta kashe. Ya daɗe tsaye da wayar a kunne, kansa a sunkuye, mutane suna ratse shi ta dama da hagu.